Jiragen Iska a Littattafai da Jiragen Kwara a Tsohon Lardin Kwantagora

1.0 Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen da suka shafi tarihin sufuri akwai wani rukuni na littattafai da ya keɓanta ga jiragen ruwa na gargajiya masu tafiya da ƙarfin iska. Irin waɗannan littattafai sukan rarrabe jiragen iri-iri, su bayyana yadda ake ƙera kowanne, da yadda ake kafa masa jigo a ɗaura ƙyallen da ke kama iska, sa'annan su jero sunan kowace igiya da kowane katako. Don haka suna da amfani ga mai nazarin harshe kamar yadda suke da shi ga mai nazarin tarihi, domin kusan kowannensu ƙaramin ƙamus ne na wata sana'a.

Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora irin waɗannan littattafai a kan abin da aka rubuta game da jiragen Kogin Kwara, musamman tsakanin Yawuri da Jabba, watau ɓangaren kogin da ya ratsa tsohon Lardin Kwantagora. Za a ga cewa wannan yanki yana da tsohon tarihin jirgi, amma tarihin gora ne da filafili, kuma kusan duk waɗanda suka rubuta shi baƙi ne masu wucewa, waɗanda suka auna tsawon jirgi ba su tambayi sunayen sassansa ba.

2.0 Littattafan Jiragen Iska

Mafi yawan abin da aka rubuta kan jiragen iska na ƙasashen Musulmi ya ta'allaƙa ne ga Tekun Indiya da Bahar Maliya da Tekun Fasha. Tun wajen 1490 Ahmad ibn Majid, wani shahararren jagoran jirage na Larabawa, ya rubuta Kitab al-Fawa'id kan ilimin taurari da iskoki da hanyoyin teku, wanda G. R. Tibbetts ya fassara zuwa Ingilishi a 1971. A ƙarni na ashirin Alan Villiers ya shiga jirgin 'yan Kuwaiti ya bi su fatauci har gaɓar Afirka ta Gabas, ya fito da Sons of Sinbad a 1940. James Hornell ya biyo baya da Water Transport (1946), sai George Hourani da Arab Seafaring (1951). Daga waɗannan ne mai karatu zai san bambancin bum da bagala da sambuk da jalbut, waɗanda Turawa suka haɗe su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali masu su suna rarrabe su ta siffar goshin jirgi da ƙeyarsa.

Biyu daga cikin marubutan sun fi cancanta masana harsunan Nijeriya su dube su. Na farko shi ne A. H. J. Prins, wanda littafinsa Sailing from Lamu (1965) ya yi nazarin rayuwar matuƙan Suwahili. Na biyu shi ne Dionisius Agius, masanin Larabci, wanda ya bi tsofaffin matuƙa da maƙera jirage a Oman da ƙasashen Tekun Fasha yana tattara kalmominsu, ya wallafa In the Wake of the Dhow a 2002. Suwahilanci ya yi kama da Hausa ta fuskoki da dama: harshen kasuwanci ne, ya yaɗu fiye da ƙabilarsa, kuma ya ari kalmomi masu yawa daga Larabci. Amma a wannan fage sun rabu. Basuwahile yana da jahazi da mashua da ngalawa da mtepe a matsayin ire-iren jirgi, yana da tanga ga ƙyallen iska, da mlingoti ga jigonsa, da foromali ga sandar da ake rataya ƙyallen, da nahodha ga shugaban jirgi. Bahaushe ba shi da keɓaɓɓiyar kalma ko ɗaya ga ƙyallen iska. Masu fassara idan suka ci karo da shi sukan ari kalmar filafili, wadda asalinta sunan itacen tuƙi ne, ko kuma su yi dogon bayani, kamar dai yadda wannan takarda ita ma ta yi dole ta yi.

Wannan giɓi yana da ma'ana idan aka lura da abin da Hausa ta ara daga Larabci a wani fagen sufurin. Sirdi da linzami da likkafa duk daga Larabci suke, kuma a gefensu akwai ragama da bauji da jalala da lifidi da wasu da yawa. Abin da Balaraben teku yake da shi na sunayen igiyoyin jirgi, Bahaushe yana da kwatankwacinsa a kayan doki. Kalmar shira'i kuwa, wadda ita ce ƙyallen iska a Larabci, ba ta sami wurin zama a Hausa ba, duk da cewa alhazan ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda a cikin sambuk. Ƙetarawa ce ta 'yan kwanaki a ƙarshen tafiyar shekaru, kuma alhaji fasinja ne a ciki, ba ya riƙe igiya.

3.0 Kwantagora da Kogi

Garin Kwantagora ba a bakin Kwara yake ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda aka ba sarautar Sarkin Sudan a 1859, shi ya kafa garin wajen 1864, kuma daularsa ta mahaya dawaki ce. Ana ma danganta sunan garin da umurnin da ya bai wa jama'arsa cewa su kwantar da gorunansu a nan. Yaƙe-yaƙensa da na ɗansa Ibrahim sun cinye ƙasar Kambari da wani babban yanki na ƙasar Yawuri ta gabas da kogi, amma a bakin ruwa doki yake tsayawa. Gungawa, mazauna tsibiran Kwara, sun sami kariyar da maƙwabtansu na tudu ba su samu ba, har sarautar Yawuri kanta ta taɓa fakewa a tsibiri a ƙarni na sha tara, kafin a mai da hedikwata Yalwa.

Bayan Turawa sun ci Kwantagora a Janairun 1901, sai suka yi lardi da sunanta wanda ya haɗa da Yawuri da Bargu. Ta haka kogin ya zama a tsakiyar lardin, kuma bayanan da jami'an mulki suka tara, waɗanda aka taƙaita a Gazetteer of the Kontagora Province na E. C. Duff (1920), suka shafi mutanen ruwa. Har yau masarautar tana taɓa gaɓar Tafkin Kainji ta wajen Auna a Ƙaramar Hukumar Magama.

Kafin Nagwamatse ma, wannan ƙasa hanyar fatake ce. Ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja, wanda Paul Lovejoy ya yi nazarinsa a Caravans of Kola (1980), dole ne ya ƙetare Kwara, ko ta Yawuri, ko ta mafitan da ke kudu da Busa. Hugh Clapperton ya ƙetare a Komi a Afrilun 1826, ya bi ta Kulfo da Kotonkoro zuwa Zariya. A nan ne Bahaushen tudu yake haɗuwa da jirgi: ya biya kuɗin fito, a ɗora kayansa, a ja dabbobinsa, ya hau gaɓa ya ci gaba. Kalmomin da ya ɗauka daga wannan haɗuwa su ne suka zauna a daidaitacciyar Hausa.

4.0 Abin da Matafiya Suka Rubuta

Jirgi ya daɗe ƙwarai a wannan sashe na Afirka. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya tono a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau, aka kuma fito da shi a 1994, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya ɗara mita 8, kuma daga itace guda aka sassaƙa shi. A Kwara ta sama, Ibn Battuta ya shiga ƙaramin jirgi na itace guda daga Tambutu zuwa Gawo a 1353. Daular Sanwai ta dogara ga jiragen Sorko, waɗanda reshensu da ya gangaro Kabi da Yawuri ya rikiɗe ya zama Sarkawa masu magana da Hausa. Jean Rouch ya yi rubutu a kansu a 1950. René Caillié, wanda ya bi kogin daga Jenne zuwa Kabara a 1828, ya bayyana manyan jiragen kaya da ake haɗa katakansu da ɗinkin igiya, kuma ya lura ba su da ƙyallen iska. Ɗinkakken jirgi irin wannan ɗan'uwan mtepe na Lamu ne ta fuskar ƙira, sai dai mtepe yana da ƙyalle na saƙar tabarma, shi ya sa ya sami shiga littattafan jiragen iska, na Kwara bai samu ba.

Abin lura shi ne jirgin farko mai suna irin na jiragen iska da aka rubuta labarin zuwansa wannan yanki na baƙo ne, kuma bai fita ba. Mungo Park ya gyara shi a Sansanding daga tsofaffin kwale-kwale, tsawonsa kamar ƙafa 40, ya raɗa masa suna Joliba, ya kira shi sukuna, watau wani nau'in jirgin iska na Turawa. Ya tashi a Nuwamban 1805. Jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi a ƙasar Yawuri, kuma a farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, Park da kusan duk sauran mutanensa suka halaka.

Bayani mafi ƙima kan jiragen wannan ɓangare yana cikin littafin tafiyar Richard Lander da ƙanensa John, wanda aka buga a 1832. Sun iso Busa a Yunin 1830, suka hau kogi zuwa Yawuri a kwale-kwale, suka komo, suka yi makonni suna roƙon sarakunan Busa da Wawa su sama musu jirgi, sa'annan suka gangara a watan Satumba. Wannan jinkiri shi kansa shaida ne: jirgi mai kyau abu ne mai tsada, kuma yana hannun sarakuna. Sun bayyana jiragen da ake yi da gungume biyu, a ɗinke su da kakkaurar igiya, a cusa ciyawa a bakin ɗinkin don hana ruwa shiga. Dalilin wannan dabara a fili yake. Itatuwan wannan daji, irin su maɗaci da maje da ƙawo, ba kasafai suke ba da gungume guda mai tsawon da ake buƙata ba, don haka manyan jirage na itace guda daga kurmin kudu ake kawo su.

Da suka gangara wajen Raba, sai suka haɗu da wani basarake a cikin ƙasaitaccen jirgi mai rumfa da matuƙa masu yawa, suka rubuta sarautarsa da haruffan Ingilishi kamar haka: Suliken Rouah. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane Sarkin Ruwa a nan ba. Basaraken kuwa na Kede ne, Nufawan ruwa, waɗanda sarautarsu a harshensu Kuta ce. Ke nan ta bakin tafinta mai Hausa baƙin suka ji sunan. Wannan ƙaramin misali ya nuna matsayin Hausa a kogin tun 1830: ita ce harshen da ake yi wa baƙo bayani da shi, alhali aikin jirgin da kansa da Nufanci ko Gunganci ake yin sa. Duk kalmar da tafinta bai ga dalilin fassarawa ba, ba ta kai ga takarda ba.

Kede ɗin su ne suka fi samun kulawar masana. S. F. Nadel ya keɓe musu babi a African Political Systems (1940), ya kuma sake taɓo su a A Black Byzantium (1942). Ya nuna yadda Kuta, daga mazauninsa na Muregi a mahaɗar Kaduna da Kwara, yake riƙe da zangunan kogi ta hannun wakilai, yana karɓar haraji kan jirage. Ƙarfinsu ya bayyana a Janairun 1897, lokacin da Kamfanin Neja ya yaƙi Bida: wani babban sashe na rundunar Nufe yana kudu da kogi, Kede suka goyi bayan Kamfanin, rundunar ta kasa ƙetarowa ta kāre birnin. Amma Nadel masanin zamantakewa ne, sarauta da haraji suka dame shi. Haka P. G. Harris a bayanansa kan Yawuri (1930), da Mahdi Adamu a The Hausa Factor in West African History (1978), jirgi yana fitowa a aikinsu ne a matsayin abin da ya ɗauki kaya ko mayaƙa. Maƙalar Robert Smith, "The Canoe in West African History" (1970), ita ce ta mai da jirgin kansa abin nazari, kuma ko ita tattara bayanan matafiya ta yi, shafuka kaɗan ga yanki mai faɗin gaske.

5.0 Dalilin Rashin Ƙyallen Iska

Ba za a danganta wannan rashi ga jahilcin abin ba. Mutanen da suke saƙa tufafi da tabarmi, suke tufka igiya, suke kuma ganin jiragen Turawa a Lakwaja da Raba tun tsakiyar ƙarni na sha tara, ba dabarar ɗaura ƙyalle a sanda za ta gagare su ba. Kogin ne bai ba da hali ba. A Nilu iska tana busowa daga arewa yawancin shekara, ruwa kuma yana gangarawa arewa, don haka matuƙi yakan buɗe ƙyalle ya haura, ya naɗe shi ya gangaro. Tsakanin Yawuri da Jabba kuwa ruwa kudu ya nufa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa, ba ta taimaki mai haurawa ba. Iskar damina da ke zuwa daga kudu maso yamma takan zo tare da hadari da guguwa, a lokacin da ruwan ya fi ƙarfi.

Bugu da ƙari, kogin a nan rarrabe yake tsakanin tsibirai da duwatsu, da wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi kamar na Busa da Awuru. Ko jirgin Dayspring na W. B. Baikie, mai injin tururi, a kan dutse ya fashe kusa da Jabba a 1857. A irin wannan ruwa abin da ake buƙata shi ne jirgin da za a iya tsayar da shi nan take, a juya shi, a raɓa gaɓa da shi inda ruwa ba zurfi, kuma gorar dungura da filafili su ke ba da wannan iko. Sassaƙaƙƙen kwale-kwale kuma siriri ne, cikinsa a kewaye, ba shi da ƙashin ƙasa da zai riƙe shi idan iska ta bugi ƙyalle ta gefe. A inda kogin ya buɗe ya kwanta, kamar yankin Mopti a Mali, akan ga matuƙa sun kafa ƙyalle ko ɗinkakkun buhuna idan iska ta yi musu daidai.

Ilimin matuƙin Kwara, saboda haka, ba a igiya ya taru ba. Ya taru ne a sanin ruwa: wace hanya ake bi tsakanin duwatsu a wane wata, da yadda cikar damina ta watannin Agusta zuwa Oktoba ta bambanta da cikar rani, wadda ruwan tsaunukan Gini ke kawowa bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Littafin da zai yi wa Kwara abin da Prins ya yi wa Lamu, da sunayen duwatsu da magudanai zai cika.

6.0 Kalmomin da Suka Saura

Ƙamusun G. P. Bargery (1934) da na R. C. Abraham sun ƙunshi jirgi da kwale-kwale da komi da filafili da fito da tuƙi. An tattara mafi yawan kalmominsu ne a biranen tudu, don haka ba abin mamaki ba ne a ce abin da fasinja ya sani shi ya fi yawa a ciki. Wani abin sha'awa shi ne waɗannan 'yan kalmomi sun yi yaɗon da kalmomin doki ba su yi ba. Jirgi ya haifi jirgin ƙasa da jirgin sama, har sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane asalin ake nufi. Tuƙi ya koma mota, matuƙi ya zama direba. Kuɗin fito, wanda a da ladan mai ƙetarar da mutum ne, ya zama harajin shigo da kaya a bakin hukumar kwastan. Filafili ya koma jikin fanka da jirgi mai saukar ungulu. Da zamani ya kawo sababbin hanyoyin sufuri, daga bakin kogi Hausa ta ɗebo musu sunaye.

A kogin kansa al'amarin ya sha bamban. An gama madatsar Kainji a 1968, tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 ya rufe tsohuwar Busa da duwatsunta da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000. Ruwan da ya samu buɗaɗɗe ne mai igiya, irin wanda ƙyallen iska zai iya aiki a kansa, amma ya zo daidai da zuwan injin da ake maƙalawa a ƙeyar jirgi. Sufurin tafkin ya tsallake daga gora zuwa inji, jirgin katako da ƙusa ya maye gurbin ɗinkakke a harkar kaya da fasinja. Hatsarin da ya auku a Mayun 2021, lokacin da wani jirgin katako da ya taso daga gaɓar Jihar Neja ya nutse kusa da Wara a Jihar Kabi ɗauke da mutane fiye da ɗari, ya nuna irin nauyin da ake ɗora wa waɗannan jirage a ruwan da ya fi ƙarfin ƙirarsu.

Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana ƙidayar jirage da komaye a ƙauyukan tafkin, amma ƙidaya ce ta masana kifi, adadi take nema. A ɗaya gefen kuma, Frank Salamone ya nuna tun shekarun 1970 yadda Gungawa suke komawa Hausawa bayan an tashe su daga tsibiransu. Idan Bagunge ya bar harshensa ya kama Hausa, Hausar da zai kama ita ce ta tudu, mai kalma ɗaya ga jirgi. Jerin kalmomin da masana suka tattara na harsunan Kainji, irin su Reshe da Lopa da Laru, galibi an tsara su ne don kwatanta harsuna, suna tambayar sunan ruwa da kifi da jirgi, ba sa tambayar sunan igiyar ɗinki, ko ciyawar toshewa, ko irin gizagon da ake rarake cikin gungume da shi. Waɗanda suka tuƙa jirgi ta duwatsun Busa suna samari kafin 1968 sun haura shekara saba'in a yanzu, kuma suna zaune a warwatse tsakanin Yalwa da Wara da Auna da Sabuwar Busa.